Madacin Kan Iyaka

Jamus, 2 ga Agusta, 2021

Zuwa ga Baba Yusha'u Gambo, Tsafe.

Assalamu alaikum, Baba. Ina miƙo gaisuwa irin ta 'ya ga uba, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, damina kuma tana tafiya daidai. Ni lafiyata lau, sai kewar gida.

Na san ba ka san ni ba. Sunana Muzdalifa, 'yar marigayi Kabiru Yari na Gusau. Kakana Yari da mahaifinka Gambo 'ya'yan wa da ƙani ne, haka Goggo Safiya ta Bungudu, ƙanwar babana, ta warware mini. Ita ta ce in rubuto, domin kunnenka ya yi nauyi ba ka jin waya, amma karatu bai gagare ka ba. Zan riƙa turo takarda ta wayarta, ta sa a buga, ta kawo maka ranar da take kai atamfofinta kasuwar Tsafe. In ka ba da amsa ta ɗauki hotonta ta turo mini.

Shekarata uku ina karatu a nan, kuma aikin nawa na itace ne. Goggo ta ce ka yi aikin gandun daji har ka yi ritaya, don haka ka fi ni sanin zobe-zoben da ake gani in an yanke itace, kowace damina da nata. Abin da itace ke gina jikinsa da shi daga iska yake shaƙowa, wani sinadari da ake kira kabon. A cikinsa akwai wani iri ɗan kaɗan, kabon sha huɗu, wanda muke aunawa da na'ura. Duk zoben da na auna, iskar shekarar da aka yi shi nake aunawa. A shekarun hamsin da sittin manyan ƙasashe sun yi ta gwajin bam na nukiliya a sarari, har wannan iri ya kusa ninkuwa a iskar duniya. Ya kai ƙarshen hawansa wajen 1964, tun daga nan yake sauka. Hayaƙin fetur kuwa ba shi da shi ko ɗis, sai ƙara sirka shi yake yi. Da haka muke gane yadda iska ke canzawa.

An auna itatuwan Turai da Amurka har an gaji. Namu na Arewa kusan ba wanda ya taɓa. Abin da nake nema shi ne tsohon itace, wanda ya haura sittin, wanda kuma aka san shekarar da aka dasa shi. Ba sai an sare shi ba. In ma akwai wanda ya faɗi da kansa, yanki ɗaya daga gindinsa ya ishe ni.

Ka yafe mini in na shigo maka da magana ba sallama mai tsawo. A nan na saba da yin shiru, har na fara mance yadda ake fara zance.

'Yarka,
Muzdalifa

*

Tsafe, 12 ga Agusta, 2021

Ɗiyata Muzdalifa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso hannuna, na karanta ta sau uku. Lafiya lau nike, in ban da gwiwa da kunne. Ruwa ya sauka sosai bana, sai dai gonakin da za su sha shi babu mai zuwa.

Tun takardar sallama daga aiki ba a sake rubuto wata da sunana ba sai taki. Kafin komi, ina yi miki ta'aziyyar Kabiru. Na ji rasuwarsa bara, ban je ba. Ba ni da hujjar da zan ba ki. Allah Ya jiƙan shi.

Ni ba ɗan Tsafe ba ne, zaman gudu nike yi. Garinmu Tungar Marke, can bayan 'Yankuzo. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu. Matata Rakiya ba ta yi shekara a nan ba ta rasu. Ɗana guda yana Legas, in ya kira sai dai in ga wayar na haske. Ɗakin da nike ciki yana bayan injin niƙa. Kowa ya ƙi shi saboda ƙara, ni kuwa ban jin ta, shi ya sa aka ba ni. Na kan san an tada injin in na ga ruwan kofi yana rawa.

Zancen zobe na san shi. Amma ki sani iccen ƙasarmu ba kamar na littafin Bature ba ne. Wani ya kan yi zobe biyu a shekara guda in ruwa ya ɗauke tsakiyar damina ya dawo, wani ya kan ɓoye nashi. Na sha ƙirgawa ina kuskure. Abin bam ɗin nan kuwa ban taɓa ji ba. Ashe abin da aka harba wata duniya yana cikin iccen da muke jingina da shi.

Akwai icce irin wanda kike nema. Madaci ne, a kan iyakar gonarmu ta gabas. Mahaifina ya ce shi ya dasa shi shekarar da aka sauke tutar Ingila, 1960. Ya faɗi haka gaban alƙali, an rubuta. Abin da ya kai su gaban alƙali, ki tambayi Safiya, bakina ba zai iya ba.

Watan jiya wani da ya ratsa ta can ya ce iska ta kayar da shi. In haka ne, masu gawayi ba za su bar shi ya kai rani ba. Zartona yana nan, amma hanyar ba ta biyuwa.

Ki riƙa fita kina ganin mutane. Shiru ba abin sabo ba ne, ni na gaya miki.

Babanki,
Yusha'u

*

Jamus, 25 ga Agusta, 2021

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwa? Allah Ya jiƙan Inna Rakiya. Na gode da ta'aziyya. Ni ma ban ga jana'izar babana ba, lokacin an rufe hanyoyin jirgi saboda korona. A waya aka gaya mini, ina tsaye a ɗakin gwaji da safar hannu. Na gama abin da nake yi na wanke kwalabe, don ban san abin da zan yi ba in na tsaya.

Na tambayi Goggo. Ta ce kakana Yari ya bar Tunga a 1956 ya tafi aiki Gusau, ya bar gonar gabas a hannun mahaifinka. Da ya dawo nemanta bayan shekara tara, sai mahaifinka ya ce daji ne ya tarar ya sare, ga ma madacin da ya dasa a kan iyaka. Kakana ya ce shi ya dasa madacin shekarar da aka haifi babana. Ba shi da shaida, aka bar wa mahaifinka. Daga ranar gidajen biyu ba su sake cin abinci tare ba. Wallahi ban san da wannan ba lokacin da na rubuto maka. A gidanmu ba a ambaton Tunga.

Na gaya wa malamata labarin madacin, ba na gonar ba. Ta yi murna ƙwarai, ta ce itacen da aka rubuta shekararsa a takarda abu ne mai wuyar samu a yankinmu. Ta ce in ban samu nawa ba zuwa Disamba, za ta ba ni wasu da aka kawo daga wata ƙasa in ƙarasa da su. Zan karɓa, ko da yake ba don su na zo ba.

Batun hanyar Tunga kuwa, Baba, kada ka damu da shi. Allah zai kawo mafita.

Na bi maganarka, ranar Lahadi na je bakin kogi. Na zauna awa biyu, wata tsohuwa ta tambaye ni lokaci. Ka ga an samu ci gaba.

'Yarka,
Muzdalifa

*

Jamus, 9 ga Oktoba, 2021

Baba,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ranar da gaisuwar za ta same ka ba, ko ma za ta same ka.

Tun farkon Satumba da aka katse layukan waya a Zamfara ban ji muryar kowa nawa ba. Wata guda cur ina kiran Hajiyata, ina kiran Goggo, ba ya shiga. Sai makon jiya da aka buɗe na Gusau, Goggo ta shigo gari ta kira ni. Ta ce an hana cin kasuwa, amma ta daure ta je Tsafe don ta duba ka. Ta tarar da ɗakinka a kulle. Mai injin ya ce ka fita da safe tun kwana goma da suka wuce, da zarto a naɗe cikin buhu, ba ka ce ga inda za ka ba.

Na ɗauko takardata na sake karantawa. Na ga abin da na rubuta: kada ka damu da shi. Baba, nufina ka bar shi, ka fita batunsa, kada ka je. Yanzu na ga ana iya karanta shi a matsayin kada ka ji tsoro. Kuma ni da hannuna na sa maganar Disamba a samansa. Me ya kai ni? Shekara uku ina rubuta rahoto da harshen wasu, kowace kalma sai na auna ta, na zo harshena na yi sakaci a inda rai yake.

Ba na iya aiki. Jiya na ɓata samfuri biyu na wani abokin karatuna, ya ce ba komai, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce wani babana ne ya ɓace. Ya ce wane irin baba, na fara lissafa masa wa da ƙani da jika, na ga ya ɓata tun a kakanni. Na ce masa mutum ne da ban taɓa gani ba.

Ba na son itacen. Na rantse ba na so. In ka dawo ka ga takardar nan, ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Muzdalifa

*

Tsafe, 14 ga Nuwamba, 2021

Ɗiyata,

Ina raye. Na fara da wannan don ki samu ki karanta sauran da natsuwa. Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Na dawo tun tsakiyar Oktoba, amma ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni, Safiya kuma sai jiya ta samu zuwa. Ta yi mini faɗa har na gode Allah da kunnena.

Kada ki ɗora wa kanki. Gaskiya na karanta layin nan yadda kika ji tsoro, amma na karanta shi haka ne don haka nike so ya zama. Shekara uku ina neman dalilin da zai kai ni gida. Ke kika ba ni, ni na ƙarasa.

Mota ta aje ni 'Yankuzo, sauran na taka. Ban gamu da kowa ba. Ciyawa ta cinye hanya har sai da na riƙa bin itatuwan da na sani. Da na shiga Tunga na tarar rufin masallaci ya rufta, gidana kuma tafasa ta fito a tsakar ɗaki har ƙugu. Na tsaya ƙofar ɗakin Rakiya na yi sallama. Ban san abin da ya sa ba.

Madacin na kwance kamar yadda aka ce, saiwarsa a sama. Ina cikin duba inda zan sa zarto sai na ji an dafa kafaɗata. Na ce to, ta ƙare. Na juya sai ga Buba, wani tsohon Bafillace da rugarsu ke yamma da mu tun muna samari. Ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Ya sa baki a kunnena ya ce, "Yusha'u, tun daga rijiya nike kiranka."

Na ce, "Mi kake yi nan?"

Ya ce, "Ina za ni? Shanun an kwashe. In na shiga gari a ce ni ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, in na shiga daji su ce na gari ne. Nan ko babu mai cewa komi."

Shi kaɗai ne a garin, da akuya biyu da ɗan gero da ya shuka a bayan makaranta. Na gaya mishi wata ɗiyata ce a Turai take son ta auna iskar da iccen nan ya sha. Ya dube ni ya dubi iccen, ya ce, "Iskar da ta kayar da shi?" Na ce har da ita. Ya ce to kawo zarton.

Zarton na mutum biyu ne, ban san yadda na yi tunanin zan ja shi ni kaɗai ba. Kwana huɗu muka yi muna yanka, tsofaffi biyu, mu ja kaɗan mu zauna. Rana ta biyu muka ga ƙurar babura daga nesa, muka kwanta cikin rassan har ta wuce. Da faifan iccen ya fita ya fi ƙarfin ɗauka, sai na tsaga yanki daga ɓawo har zuciya, kamar yadda ake yanka kankana, na goge shi da dutse. Sauran kwanakin ƙafa ce ta riƙe ni, Buba na dafa mini kunu.

Ranar da zan taho na ce ya biyo ni, ɗakina zai ɗauke mu. Ya raka ni har inda ake hango 'Yankuzo ya tsaya. Ya ce, "Ka gaida ɗiyar taka." Na yi tafiya mai nisa na waiwaya, yana nan tsaye.

Yankin yana wurin Safiya. Na sa kibiya da biro a gefen da ke duban gabas. Ki yi aikinki da shi yadda ya kamata, abin da ya nuna miki kuma ki gaya mini shi yadda yake.

Babanki,
Yusha'u

*

Jamus, 20 ga Fabrairu, 2022

Baba,

Ina gaisuwa da fatan ƙafa ta sabe. Na ji daɗin gajerun saƙonninka ta bakin Goggo. Ni lafiya, sai sanyi. Kullum in na yi salla ina sa Buba a addu'a.

Itacen ya iso a Disamba, wani ɗalibi ɗan Gusau ya taho da shi bayan an gama takardun izini. Da na buɗe kwalin ƙamshinsa ya cika ɗakin, na rufe ƙofa na zauna ni da shi na ɗan lokaci kafin in kira kowa.

Ga yadda na yi. Na goge shi har ya yi santsi, na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na fere kowane zobe daban da 'yar wuƙa. Kowanne na wanke shi da magunguna har ya zama farin zare kamar auduga, aka ƙone, aka sa a na'ura. Gaskiyarka, na sami zoben ƙarya guda uku, na'urar ce ta tona su.

Aikin ya yi kyau fiye da yadda muka zata. Hawan nan na shekarun bam ya fito sarai, saukarsa ma haka, har zuwa shekarun nan da hayaƙin mota ya yi yawa. Yanzu akwai lissafin iskar ƙasarmu na kusan shekara saba'in, daga gonar Tunga. Malamata ta ce za a daɗe ana amfani da shi.

Saura abin da ka ce in gaya maka yadda yake. Na yi mako biyu ina juya takardar nan. In da a 1960 aka dasa madacin, da zoben 1964 zai zama na biyar daga zuciya. Ba na biyar ba ne, Baba, na goma sha uku ne. Na sake aunawa da wani yankin, haka ya fito. Itacen ya fara rayuwa wajen 1952. Ana iya kuskuren shekara ɗaya ko biyu, ba a yin na takwas. A 1952 aka haifi babana.

Ban gaya wa Hajiya ba, ban gaya wa Goggo abin da ke ciki ba, na roƙe ta kada ta karanta. A rahotona shekara kawai zan rubuta, ba ruwan kowa da alƙali. Ba na neman gona, ba na neman komai. Ka sa ranka a hanya saboda ni, ga abin da na saka maka da shi. Aikin ya ƙare, amma da na san nan zai kai, ban sani ba ko da na fara.

'Yarka,
Muzdalifa

*

Jamus, 17 ga Afrilu, 2022

Baba,

Barka da shan ruwa. Ina fatan azumi yana zuwa da sauƙi. A nan rana ba ta faɗuwa da wuri, ni kaɗai nake buɗe baki da dabino da shayi.

Wata biyu ke nan. Goggo ta ce ta ba ka takardar hannu da hannu, ka karanta a gabanta, ka ninke ka sa aljihu, ka ce ta gaida gida. Ta koma sau uku, ka ce babu saƙo.

In ka yi fushi, kana da gaskiya. Mahaifinka ne. Da wani ya zo mini da na'ura ya ce nawa ya yi rantsuwa a kan abin da ba haka ba, ban san abin da zan yi masa ba. In kuma don na ce aikin ya ƙare ne ka ɗauka na gama da kai, ba haka nake nufi ba. Na riga na yi wannan kuskuren sau ɗaya, shi ya sa nake faɗa a fili: ina so ka ci gaba da rubuto mini, ko babu itace.

Muzdalifa

*

Tsafe, 19 ga Mayu, 2022

Ɗiyata Muzdalifa,

Barka da salla, ko da ta wuce. Lafiyata lau, ƙafa ta sabe. Buba ban da labarinsa, na aika da gishiri da sukari ta hannun wani, ban sani ba ko sun kai.

Ban yi fushi ba. Kunya ce ta hana ni rubutu, kuma ban so in rubuto ba sai na yi abin da ya kamata.

Na sani, ɗiyata. Kafin in ba Safiya iccen na ƙirga zoben sau uku a bakin ƙofata. Na samu sittin da tara, na samu saba'in da biyu, na samu saba'in. Ko sau ɗaya ban samu sittin da ɗaya ba. Na ce wa kaina ƙila ido ne, ƙila zoben ƙarya ne, bari na'ura ta faɗa. Amma ko ƙirgar ban bukata. Shekarar da aka sauke tuta ina da shekara tara, kuma a reshen madacin nan na ɗaure 'yar tutar da aka raba muna a makaranta, sai da na hau kafin in kai. Ranar shari'a ina da sha huɗu, ina zaune bayan mahaifina. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ce ba. Na ci gonar nan shekara hamsin. Abin da ya hana ni zuwa ta'aziyyar Kabiru ke nan.

Bayan salla da kwana biyu na shiga mota na tafi Gusau. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidanku. Na kai awa guda a tsaye gefen mai sayar da lemo kafin in yi sallama. Yayanki Bashar ya fito, na faɗi sunana, na ga bai san shi ba. Ya shiga ya dawo ya ce Hajiya ta ce in shigo zaure.

Mahaifiyarki Hajiya Hafsat ta zauna daga bakin ƙofa. Na ce mata ba na ji sosai, don haka ta bari in gama tukuna. Na faɗa mata duka, tun daga tuta har na'urarki. Na ce gonar gabas ta Yari ce, ta 'ya'yan Kabiru da Safiya ce, na zo in faɗa da bakina gaban shaida, in kuma nemi gafara, tawa da ta mahaifina.

Sannan ta yi magana, Bashar ya maimaita mini a kunne. Ta ce, "Malam Yusha'u, gonar da ba mai iya zuwa ita ce ka sha rana ka kawo muna?"

Na ce ita ce, ba ni da wata.

Sai ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska da mayafi. Da ta natsu ta ce Kabiru har ya rasu yana cewa a Tunga akwai iccen da ya yi sa'a da shi, bai taɓa ganinsa da wayonsa ba. Ta ce ita ta yafe nata, na Kabiru kuma ta san halin mijinta, da yana raye da ya yafe. Bashar ya rubuta abin da na faɗa, na sa hannu, shi ma ya sa. Safiya na je Bungudu na same ta washegari. Ita ba ta yi kuka ba, ta ce dama ta sani, jira take ta ga ko zan mutu da shi.

Na tashi tafiya Hajiya ta ce ba a fita gidanta da rana tsaka ba a ci ba. Aka kawo tuwo zaure, Bashar ya wanke hannu ya sa a kwano guda da ni. Tun rasuwar Rakiya hannuna bai haɗu da na wani a kwano ba.

Ki ci gaba da rubutowa, zan amsa. Ki gaya mini ranar da za ki gama, da abin da iskar tamu ta nuna, dalla-dalla, don na fahimci rabi ne kawai.

Hajiya ta ce in riƙa zuwa duk Jumma'a, in yi salla tare da Bashar in ci abinci. Na je sau biyu. Gobe ce ta uku, don haka zan tsaya nan, rigata tana wurin mai guga kuma yana rufewa da la'asar.

Babanki,
Yusha'u